Gwanin Karta Ma Kuɗin Wani Yake Ci

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo min wayarsa. Yaron yana aji uku a jami'a, lissafi yake karantawa, kuma ba mai hayaniya ba ne. A fuskar wayar akwai koren tebur da kujeru shida, kowace kujera da laƙabi da 'yar tutar ƙasa. Ya ce, "Kawu, an ce kai ma ka taɓa buga poka. Don Allah ka fahimtar da Umma cewa wannan ba irin cacar ƙwallo ba ce. Ilimi ne. Wanda ya fi iya lissafi shi ke ci."

Na karɓi wayar na kalli yadda ya buga zagaye uku, na ga ya fi ni iyawa lokacin da nake shekarunsa. Rabin maganarsa gaskiya ce. Matsalar ita ce mu manya, har da wasu masu wa'azi, kullum wannan rabin muke ƙaryatawa, shi ya sa yaran ke toshe kunne kafin mu iso ga ɗaya rabin.

Ga wanda bai san wasan ba, poka karta ce ta Amurkawa, kuma nau'in da ya fi bazuwa shi ne Texas Hold'em. Da karta 52 ake yi. Kowa a ba shi biyu a rufe, shi kaɗai ya san abin da ke hannunsa. Sai a baje biyar a tsakiyar tebur a fili: uku a tare, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. A tsakanin kowace bajewa akwai zubi. Kana iya ƙara kuɗi, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi, daga na hannunsa da na tebur, shi ke kwashe tarin. Amma ba dole ne sai an kai ga buɗe karta ba. In ka yi wa kowa burga ya tsorata ya ajiye, tarin naka ne ko da hannunka wofi ne. A nan ta sha bamban da whot ɗinmu ta ƙofar gida, inda abin da ka ɗebo a kasuwa shi ne kusan komai.

To ina ilimin yake? Bari in ba da misali ɗaya, irin wanda duk mai koyo ke fara haddacewa. A ce kana riƙe da karta biyu masu alamar zuciya, a tebur akwai wasu biyu, saura karta ɗaya a baje. Kana neman zuciya ta biyar, domin karta biyar masu alama ɗaya haɗi ne mai ƙarfi. Masu zuciya 13 ne a cikin kartar, ka ga huɗu, saura 9 a cikin 46 da ba ka gani ba. Wato kusan sau ɗaya cikin biyar za ta zo. Idan akwai naira 3,000 a tsakiya, abokin wasa ya zuba 500, kana sa 500 ne don neman 3,500. Ko sau ɗaya cikin takwas kake ci ba ka faɗi ba, don haka bi shi ne daidai. Idan kuwa 3,000 ya zuba, sai kana cin ɗaya cikin uku kafin ka mayar da kuɗinka, kai kuma ɗaya cikin biyar gare ka, sai ka ajiye. Karta iri ɗaya, hukunci daban. Wanda ya san wannan, ya kuma san amfanin zama na ƙarshe a zagaye don ya ga abin da kowa ya yi kafin ya motsa, ya iya ajiye yawancin abin da aka raba masa ba tare da zuciya ta ɗebe shi ba, tabbas zai cinye wanda bai sani ba idan wasa ya yi tsawo. Masanin lissafin nan John von Neumann, wanda ya kafa harsashin ilimin nazarin dabarun wasa tun 1928, poka ya ɗauka a matsayin misali, don ya ga cewa burga aba ce da za a iya auna ta da alƙalami. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗalibin lissafi poka sa'a ce zalla, ya faɗi a muhawarar tun kafin a fara.

Ni a lokacin bautar ƙasa na koye ta, a wajen wani abokin zama ɗan kudu. Da tsinken ashana muke zubi, kowa kwali biyu. Bayan na dawo gida na same ta a intanet, na fara da kuɗin wasa na ƙarya, sannan wata rana na sa na gaske, kaɗan. Shekara biyu na yi ina bugawa bayan isha'i. Ina da littafin rubutu mai bangon shuɗi inda nake rubuta abin da na shiga da shi da abin da na fita da shi, da kura-kuran da na yi. Kuma na ƙware, daidai gwargwado. Na daina bin kowace karta. Na koyi gane mai zubin tsoro da mai zubin ƙarfi daga yawan abin da ya sa da saurin da ya sa shi. Akwai watannin da na tashi da riba.

Abin da ya fara damuna ba asara ba ce. Wani dare ne na lura da abin da nake yi kafin in zauna a tebur: ina zagaya tebura ina leƙawa, ina neman inda akwai wanda bai iya ba. Duk gwani haka yake yi, kuma a cikin darussan ƙwarewa wannan na sahun gaba. 'Yan poka suna da suna ga irin wannan mutum, kifi suke ce masa. Akwai wani da nake yawan tararwa wajen ƙarfe ɗaya na dare, tutar Ghana ce a gefen laƙabinsa. Ba ya ajiye karta. In ya faɗi sai ya sake loda kuɗi nan take, ya dawo da fushi, ya zuba duka a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na sa masa alama a manhajar don in riƙa gane shi. In na ga ya shigo har wani daɗi nake ji, kamar masunci ya hango ruwa na motsi. Ban san ko ɗalibi ba ne, ko direba, ko kuɗin haya yake ƙonawa. Abin da na sani shi ne ribar da ke cikin shuɗin littafina, kaso mai tsoka daga aljihunsa ta fito.

Wannan ita ce amsar da na so in ba ɗan yayata. Ƙwarewa a poka ba irin ta tela ko makanike ba ce. Tela in ya ƙware, riga ce ke ƙara kyau, mai ɗinki ya ji daɗi, shi ma ya samu. A teburin poka ba a ƙera komai, ba a noma komai. Duk nairar da ta shigo gabanka daga gaban wani ta taso. Don haka idan aka ce wasan na masu ilimi ne, fassararsa ita ce kuɗi na gangarowa daga wanda bai iya ba zuwa wanda ya iya, a kai a kai, ba kamar kuri'a ba da ke faɗawa kan kowa. Ni a ganina wannan bai wanke wasan ba, sai ma ya ƙara masa nauyi a wuya. Gwanaye shida in suka haɗu a tebur ɗaya babu mai samun na cefane, shi ya sa kowannensu ke buƙatar sabon shiga kamar yadda mahauci ke buƙatar dabba.

Kuma ko gwanayen ba su kaɗai ke ci ba. Mai gidan caca yana yankar la'adarsa a kan kusan kowane tari, galibi kamar kashi biyar cikin ɗari zuwa wani iyaka. Mu ƙaddara mutum shida sun zauna kowa da naira 10,000, tarin kowane zagaye ya kai 2,000, gida na ɗaukar 100. In ana zagaye 30 a awa, 3,000 ke nan. Kafin awa goma rabin kuɗin da ke teburin ya koma aljihun wanda bai taɓa karta ba, a intanet kuwa rabon ya fi haka sauri nesa ba kusa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa bai wadatar ka fi abokan wasanka iyawa ba, sai ka fi su da ratar da za ta biya la'ada ta bar maka saura. Mafi yawan masu bugawa ba su kai nan ba, kuma kusan kowannensu ya yi imani ya kai.

Yadda wannan imani ya game duniya yana da tarihi. Babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas ake yin ta tun 1970, kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000. Shekaru da dama harkar tsirarun ƙwararru ce. A 2003 wani akawu daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, kuma wannan sunansa ne na gaskiya, ya samu kujera ta hanyar wata ƙaramar gasa ta intanet da bai kashe dala 100 a kanta ba. Ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi, har da wata shahararriyar burga da ya yi wa ƙwararre Sam Farha a gaban kyamara. Duk wani ma'aikacin ofis da ya kalli talabijin ya ce ashe ni ma zan iya. A 2004 masu shiga suka haura 2,500, a 2006 suka kai 8,773. A 2024 mutum 10,112 suka shiga, na ɗaya ya ɗauki dala miliyan 10. Hotonsa a gaban tulin kuɗi shi ake yaɗawa. Ba a nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na masu shiga suna komawa gida ba ko sisi, kuma kuɗinsu ne aka tula a gaban mutumin.

Akwai wani abu a poka da ya sa ta fi cacar ƙwallo iya yaudarar mai hankali. Karta biyu mafi ƙarfi da za a raba maka su ne As guda biyu, wato kartar da ta fi kowace daraja, sarki na bi mata. In ka kara da mai sarki biyu, kai ke da rinjaye kusan kashi 82 cikin ɗari, wato duk da haka kusan sau ɗaya cikin biyar shi zai cinye ka. Ma'ana, za ka iya yin daidai ka faɗi, ka yi shirme ka ci. Sai an buga dubun-dubatar zagaye kafin a rarrabe gwani da mai sa'a. A tsakanin nan mutum na da uzuri a kullum. In ya ci, iyawarsa ce. In ya faɗi, karta ce ta ƙi. Mai cacar ƙwallo in ya yi asara wata shida wataƙila ya gane ba sa'a gare shi ba. Mai poka kuwa sai ya ce bai gama koyo ba ne, ya sayi wani darasi, ya kalli wani bidiyo, ya sake lodawa. Neman ƙwarewar da kansa ya zama igiyar da ta ɗaure shi. Na san wannan domin a shuɗin littafina akwai shafukan da na daina rubuta jimilla, ina rubuta bayanin yadda aka yi min rashin sa'a.

Ko wanda ya kai ƙololuwa bai tsira ba. Stu Ungar, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin karta, ya lashe babbar gasar sau uku: 1980, 1981 da 1997. A ta ƙarshen dala miliyan ɗaya aka ba shi. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a jikinsa. Abin da ya ci a karta, cacar wasanni da ta dawaki da miyagun ƙwayoyi suka lashe. Ba na cewa kowane gwani haka yake ƙarewa, akwai waɗanda suka tara dukiya suka riƙe ta. Amma ƙwaƙwalwar da ta saba da zubi ba ta cika tsayawa a tebur ɗaya ba.

Sannan zamanin Moneymaker ya wuce. A farkon 2017 wata manhaja mai suna Libratus, ta masana a jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh na tsawon kwana 20, zagaye 120,000, ta lallasa su. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi haka a tebur mai mutum shida. Yau ƙwararru da kwamfuta suke bitar wasansu, kuma su kansu shafukan poka sukan sanar da rufe asusun da suka kama na'ura ce ke bugawa. Yaron da ke kwance a ɗakin kwanan ɗalibai da wayarsa da cajin kashi ashirin, bai san ko wancan mai tutar Rasha mutum ne ba. Ko ya ci ma, karɓar kuɗin wata magana ce. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin manyan shafukan poka uku. Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce ɗaya daga ciki, Full Tilt Poker, 'yan wasa na bin sa kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Amurkawan cikinsu, masu kotu da lauyoyi, su ma sai da suka yi shekaru suna jira. Ɗan Kano ko Maraɗi wa zai kai wa ƙara?

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan a matsayin maganar jama'a, ba ta gidanmu kaɗai ba, shi ne kalmar ƙwarewa ƙofa ce a cikin doka. Tsohuwar dokar laifuka da kudancin Najeriya ya gada daga Turawa, da ta zo lissafa haramtattun wasanni, ta ambaci cacar wuri da sunanta na caca, amma a karta sai ta ce wadda ba ta ƙwarewa ba. A Amurka ma an gwada wannan ƙofa. A 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke cewa poka ta fi karkata ga iyawa a kan sa'a. Shekara guda bayan nan kotun ɗaukaka ƙara ta soke sakamakon, ta ce ko da hakan ne bai fitar da mai gidan wasan daga dokar caca ba. A nan gida, a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Ke nan magana ta dawo majalisun jihohinmu. Hisbah a Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, kuma shago abu ne mai ƙofa da kwaɗo. Wanda ke cikin waya fa, wanda zai zo da sunan wasan basira, ko gasar ƙwaƙwalwa? Ina so masu rubuta mana doka su auna da tambaya ɗaya mai sauƙi: shin ana zuba kuɗi, wani ya tafi da na wani? In eh, yawan lissafin da ke ciki bai canza sunansa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Alƙur'ani bai taɓa kafa hujjarsa a kan cewa caca ba ta da amfani ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce a cikin giya da caca akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, sai dai zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Cacar Larabawan jahiliyya ma da kibau goma ake yi a kan naman raƙumi, bakwai masu rabo, uku wofi, kuma sau da yawa wanda ya ci talakawa yake rabar wa naman, har suna alfahari da hakan. Duk da wannan aka hana. A Ma'ida, aya ta 90 da 91, aka faɗi dalili: ƙiyayya da gaba a tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Ba a ce don babu dabara a ciki ba. To me ya sa mu za mu tsaya muna gardama da yaro a kan ko akwai lissafi? A ba shi lissafinsa. A ce masa eh, akwai, kuma ka iya. Sannan a tambaye shi kuɗin wa yake shirin ci, kuma asuba nawa ta wuce shi a wannan watan.

Ba zan ɓoye ba, wasan ya bar min wasu abubuwa masu amfani. Na koyi kada in auna shawara da sakamakonta kawai. Na koyi cewa kuɗin da ka riga ka zuba ba naka ba ne kuma, kada ka bi shi da wani don jin zafi, darasin da ya cece ni a wata harkar shigo da kaya da ta so ta nutse da ni. Amma duk wannan tun a kan tsinken ashana na fara gane shi, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai taɓa ganin karta ba ya san shi tun yana yaron shago. Su 'yan poka za su ce in babu kuɗi wasan ba ya daɗi, domin ba wanda ke tsoron burga a kan ashana. Gaskiya ne, kuma wannan ikirari ne babba daga bakinsu.

Ɗan yayata ya saurare ni har na gama, yana ta juya wayar a hannu. Ya ce, "Amma Kawu, ni fa ina kan riba." Na tambaye shi zagaye nawa ya buga gaba ɗaya. Ya duba ya ce sun kusa dubu huɗu. Na ce a matsayinsa na ɗalibin lissafi ya gaya min ko dubu huɗu sun isa a yanke hukunci. Ya yi murmushi bai amsa ba. Na shiga ɗaki na lalubo shuɗin littafin a ƙasan akwatin takardu, na buɗe masa shafin da na rubuta laƙabin mutumin nan mai tutar Ghana, da jan biro, na ja masa layi biyu a ƙasa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko zai iya tafiya da littafin ya karanta. Na ce ya tafi da shi. Aka kira magariba muka tashi, wayar na aljihunsa, ban kuma ga ya goge komai ba.